Neman Maganin Sankarar Fata Ta Hanyar Ƙwayoyin Tushe: Matsayin Bincike Da Hukuncin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum a kan mafi kyawun tsari, Ya lulluɓe jikinsa da fata domin ta zama garkuwa gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce wadda malaman farko ba su riske ta ba, watau binciken da likitoci ke yi a kan waɗansu ƙwayoyin jiki da ake kira ƙwayoyin tushe, da nufin samo maganin sankarar fata, wadda waɗansu ke ce wa ciwon dajin fata. Duk Musulmin da aka zo masa da labarin sabon magani, to tambayoyi biyu ne suke hawa kansa. Ta farko, shin ya halatta? Ta biyu, shin an tabbatar yana warkarwa? Amsar ɗaya ba ta ɗauke wa mutum neman amsar ɗayar, domin abu yakan halatta alhali bai riga ya zama magani ba.

Neman magani a Musulunci

Asalin al'amari shi ne neman magani abin so ne a shari'a. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa ke nuna cewa kowace cuta da Allah Ya saukar Ya saukar da maganinta. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir abin da ke nuna cewa waraka takan auku ne da izinin Allah sa'ad da magani ya dace da cutar. A cikin wannan akwai ishara babba ga masu bincike, domin dacewa ba ta samuwa sai da sanin cutar da sanin maganin. Har ila yau Abu Dawuda ya ruwaito daga Abud Darda'i umurni da yin magani tare da hani ga yin magani da haram. A kan waɗannan ginshiƙai uku ne malamai suke auna kowane sabon abu da asibiti ya zo da shi.

Mene ne ƙwayoyin tushe

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kamar yadda ake gina soro da tubali. Yawancinsu kowace ta riga ta kama sana'arta, wannan ta jini ce, wannan ta tsoka, wannan ta fata, kuma in ta tsufa sai ta mutu. Amma akwai waɗansu 'yan kaɗan da Allah Ya keɓe su da baiwa biyu: suna iya haifar irinsu, kuma suna iya haifar ƙwayoyin da za su maye gurbin waɗanda suka mutu. Su ne ƙwayoyin tushe. Misalinsu kamar irin shuka ne da manomi yake ajiyewa a rumbu, ya shuka ya ci, kuma ya sake fid da iri.

Ana samun su ta hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce jikin wanda aka riga aka haifa: suna cikin ɓargo, inda jini yake fitowa, suna cikin jinin cibiya da mabiyiya, suna kuma ƙarƙashin fata da cikin saiwar gashi. Su ne dalilin da ya sa saman fatar mutum yake sabuntuwa kimanin kowane wata, kuma rauni yake haɗewa. Hanya ta biyu ita ce ƙwan mace da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, in ya kai kwana biyar ko shida. James Thomson na Jami'ar Wisconsin ta Amurka shi ya fara renon irin waɗannan daga ɗan Adam a shekarar 1998. Suna iya zama kowane irin sashe na jiki, amma ciro su yana halaka ƙwan, kuma a nan gardama ta taso a tsakanin ma'abota addinai. Hanya ta uku wani Bajapane ne ya buɗe ta, Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto, wanda ya nuna a jikin ɓeraye a 2006, sa'an nan a ƙwayoyin mutum a 2007, cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fatar baligi a mayar da ita halinta na farko, ta zama kamar ta ɗan tayi, ba tare da an taɓa wani ƙwai ba. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 2012, tare da John Gurdon na Ingila.

Sankarar fata da ire-irenta

Sankara takan fara ne sa'ad da rubutun gado da ke cikin ƙwaya ya ɓaci, sai ƙwayar ta riƙa hayayyafa ba tsayawa. A fata, babban mai ɓata wannan rubutu shi ne wani sashe na hasken rana wanda ido ba ya gani. Manyan ire-irenta uku ne. Na farko yana tasowa daga ƙwayoyin gindin fata, shi ya fi yawa a duniya, yana cin wurin da ya fito a hankali, amma da wuya ya yaɗu cikin jiki. Na biyu yana tasowa daga ƙwayoyin saman fata, shi kuwa yana iya yaɗuwa in an bar shi. Na uku shi ake kira melanoma, yana tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma shi ya fi sauran kisa. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 325,000 suka kamu da melanoma, kimanin 57,000 kuma suka mutu da ita.

Ko da yake cutar ta fi yawa ga fararen fata, musamman a Ostareliya da New Zealand, kada mai karatu ya ɗauka baƙin mutum ya tsira. Ta ƙofofi uku take shigowa ƙasashen Afirka. Ƙofa ta farko ita ce zabiyoyi, waɗanda fatarsu ba ta da launin da ke kare ta daga rana, har da yawa daga cikinsu sukan kamu tun suna samari. Ƙofa ta biyu ita ce tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru yana rufewa yana buɗewa, domin irin wannan yakan juye ya zama sankara. Ƙofa ta uku ita ce melanoma da ke fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wadda galibi akan ɗauke ta kaushi ne ko sartse, har lokaci ya ƙure.

Inda bincike ya kai

Masu bincike sun bi hanyoyi uku wajen haɗa ƙwayoyin tushe da wannan cuta.

Hanya ta farko ita ce neman saiwar cutar. Tun da ƙwayoyin tushe su suka fi daɗewa a fata, su suka fi samun lokacin tara ɓarnar rana. A shekarar 2016 masu bincike a birnin Brussels na Beljiyam, ƙarƙashin Cédric Blanpain, sun nuna a jikin ɓeraye cewa sankarar gindin fata takan kafu ne in ɓarnar ta faɗa a kan ƙwayar tushe, amma in ta faɗa a kan 'ya'yanta masu gajeren rai sai abin ya tsaya. Daga nan waɗansu suka yi zaton ita ma melanoma tana da 'yan tsirarun ƙwayoyi da suke zama uwayenta, waɗanda in an kashe su sauran za su bushe. A farkon 2008 masu bincike a Boston suka ba da labarin sun gano alamar da ake gane irin waɗannan ƙwayoyi da ita. Amma kafin shekarar ta ƙare sai waɗansu a Jami'ar Michigan, ƙarƙashin Sean Morrison, suka nuna cewa kimanin ɗaya daga cikin kowace huɗu ta ƙwayoyin melanoma tana iya tayar da sabon ƙari in an dasa ta a jikin ɓeran da ba shi da garkuwa. Ke nan saiwar ba guda ba ce da za a tumɓuke a huta. A nan akwai darasi ga mai hankali: su kansu masanan suna saɓawa, kuma ana warware saɓaninsu da maimaita gwaji ne.

Hanya ta biyu ita ce renon sojojin jiki. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗansu da aikinsu shi ne farautar ƙwayar da ta lalace su kashe ta, sai dai in yaƙi ya yi tsawo sukan gaji su ƙare. Sai masana suka ce, me zai hana a koma ga uwar da ke haifarsu, domin a sami rundunar da ba ta yankewa? A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka ɗauki ƙwayoyin tushe na jinin mutum, suka sa musu umurnin gane melanoma, suka dasa a jikin ɓeraye, sai ƙarin ya ɓace a jikin waɗansu, ya ragu a jikin waɗansu. A 2013 kuma, a cibiyar bincike ta RIKEN da ke Japan, Hiroshi Kawamoto da abokan aikinsa suka ɗauki sojan jini mai gane melanoma, suka mayar da shi halin tushe ta hanyar Yamanaka, sa'an nan suka haifar da sababbin sojoji masu yawa daga gare shi, dukkansu suna gane abokin gaban nan.

Hanya ta uku ita ce sake gina fata. Tun 1975 James Rheinwald da Howard Green suka gano yadda ake renon ƙwayoyin fatar mutum a ɗakin gwaji har su zama shimfiɗa, kuma a 1983 an ceci waɗansu yara biyu 'yan'uwa a Boston da irin wannan fata bayan wuta ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu. A 2015 a birnin Bochum na Jamus, an sake wa wani yaro ɗan shekara bakwai kimanin kashi 80 cikin 100 na fatarsa, wadda wata cutar gado ta saluɓe, da fatar da aka rena daga ƙwayoyinsa na tushe bayan an gyara rubutun gadonsu, a ƙarƙashin jagorancin Michele De Luca na Italiya. Wannan hanya rufe rauni take yi, ba kashe sankara ba, amma ana fatan ta amfani waɗanda aka yanke musu wuri mai faɗi.

To, abin da ya wajaba a faɗa a fili shi ne, har yanzu babu wani maganin sankarar fata da aka yi da ƙwayoyin tushe wanda hukumomin magunguna suka amince a riƙa ba marasa lafiya. Abin da ya yi aiki a jikin ɓera sau da yawa yakan kasa a jikin mutum. Kuma akwai hatsari, domin ƙwayar da ke iya hayayyafa ba iyaka ita kanta tana iya zama ƙari, har ma ɗaya daga cikin sinadaran gado huɗu da Yamanaka ya fara aiki da su sananne ne wajen haddasa sankara.

Ci gaban da aka samu na haƙiƙa ta wata ƙofa ya zo, watau magungunan da ke kwance wa sojojin jiki dabaibayi, waɗanda aka amince da na farkonsu a Amurka a 2011. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya bayyana a 2015, yana da shekara 90, cewa melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki, aka ƙona ƙarin da haske, aka ba shi irin wannan magani, ya rayu har Disamba 2024, ya cika shekara 100. A Fabrairu 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata hanya ta ciro sojojin jini daga cikin ƙarin majiyyaci, a yawaita su, a mayar masa. Waɗannan duka ba ƙwayoyin tushe ba ne, ko da yake masu talla sukan cuɗa su wuri guda.

Hukuncin shari'a

Malaman zamani sun gina hukuncin ne a kan tambaya guda: daga ina aka samo ƙwayar? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 17 da ta yi a Makka cikin watan Shawwal 1424, daidai da Disamba 2003, ta zartar cewa ya halatta a samo ƙwayoyin tushe, a rene su, a yi magani ko bincike da su, matuƙar mafarinsu halal ne. Ta lissafa mafarai biyar da suka halatta: baligi, in ya yarda kuma ba zai cutu ba, yaro, in waliyyansa sun yarda saboda wata maslaha ta shari'a kuma ba zai cutu ba, mabiyiya da cibiya, da izinin iyaye, ɗan tayin da aka yi ɓarinsa da kansa, ko aka cire shi saboda larurar da shari'a ta yarda da ita, da izinin iyaye, sai kuma ragowar ƙwan da aka haɗa a ɗakin gwaji domin neman haihuwa, in ma'auratan sun bayar da shi, da sharaɗin ba za a sa shi a mahaifar da ba ta halatta ba. Ta kuma haramta mafarai uku: cikin da aka zubar da gangan ba da larura ba, haɗa ƙwan wata mace da maniyyin wani namiji da gangan domin a sami abin gwaji, da kuma ƙirƙiro ɗan tayi ta hanyar kwafin halitta, ko da da sunan magani ne.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne ragowar ƙwan nan. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Muminun, ya jera matakan halittar mutum tun daga ɗigon maniyyi, hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud kuma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, daga gare shi ne jumhurun malamai suka fahimci cewa ana busa rai bayan kwana 120. Waɗanda suka sauƙaƙa sun ce ƙwan kwana biyar da ke cikin kwalba bai shiga mahaifa ba, ba a busa masa rai ba, kuma makomarsa lalacewa ce, saboda haka amfanar da marasa lafiya da shi ya fi zubar da shi. Waɗanda suka tsananta sun ce mafarin mutum ne, yana da alfarmarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yi umurni da a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata, in kuwa an sami ragowa a bar shi har ya ƙare da kansa. Mabiya mazhabar Imamu Malik kuma sun san cewa mashhurin zance a mazhabar shi ne hana fitar da abin da ya tabbata a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba, wanda ke nuna irin girman da suke ba mafarin halitta.

Daga rahamar Allah, gwaje-gwajen sankarar fata da aka ambata na Japan da gyaran fatar Jamus da na Boston duk da ƙwayoyin wanda aka riga aka haifa aka yi su, kuma hanyar Yamanaka ta rage buƙatar taɓa ƙwai ƙwarai. Ke nan mafi yawan wannan fage yana cikin abin da malamai ba su yi saɓani a kan halaccinsa ba, in an cika sharuɗɗa: yardar mai bayarwa bayan an fahimtar da shi, rinjayen amfani a kan cuta, da nisantar mayar da sassan jikin ɗan Adam hajar kasuwa.

Gargaɗi game da masu cinikin fata nagari

Inda duk aka sami marar lafiya mai neman tsira, akan sami mai neman kuɗinsa. Yau ana yawo da garin magani da ruwan kwalba ana cewa ƙwayoyin tushe ne da aka samo daga tuffa ko inabi, wai suna warkar da sankara. Mai karatu ya sani cewa ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum, kuma abin da aka haɗiye ciki narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Akwai kuma wuraren da ke yi wa mutane allurar ƙwayoyin da ba a gwada ba a kan kuɗi masu yawa. A 2017 likitoci a Amurka sun ba da rahoton mata uku da ganinsu ya lalace bayan an yi musu irin wannan allura a ido a jihar Florida.

Shari'a ba ta yi shiru a kan wannan ba. Muslim ya ruwaito hani ga cinikin garari, watau cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da ake saya ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah kuma sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba. Saboda haka wanda ya sayar wa mai sankara abin da ya san ba a tabbatar da shi ba, har ya sa shi ya bar asibiti, ya ci dukiyarsa da ƙarya, kuma yana da kaso a cikin abin da ya same shi. Shiga gwajin bincike na gaskiya kuwa ya halatta, kuma alamarsa ita ce hukuma ta san da shi, an gaya wa mutum hatsarinsa, ba a yi masa alkawarin waraka ba, kuma yana da ikon janyewa.

Abin da ya hau kan mutane yau

Kada dogon buri ga maganin gobe ya sa a saki reshe a kama ganye. Sankarar fata tana daga cikin waɗanda suka fi saurin warkewa in an gan ta da wuri, domin a sarari take, kuma sau da yawa ƙaramin aiki na yanke wurin ya wadatar. Duk gyambon da ya ƙi warkewa, ko tsohon tabon ƙuna da ya buɗe, ko tawadar Allah da ta sāke launi ko girma ko ta fara jini, ko baƙin tabo da ya ɓullo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce ba tare da an buge ba, to a kai shi ga likita ba da jinkiri ba. Wannan ba ya warware tawakkali, domin wanda ya fi kowa tawakkali shi ya yi umurni da neman magani.

Iyayen zabiyoyi kuma amana ce babba a wuyansu. Su tanadar musu malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kare fata daga rana, kada su tura su talla ko kiwo ko gona da tsakar rana, kuma su riƙa kai su a duba fatarsu a kai a kai. Malaman makaranta su zaunar da su a inuwa. Mawadata su sani cewa sayen malafa da mai ga zabiya matalauci, ko biya masa kuɗin aikin asibiti, sadaka ce da ke iya tsawaita rai da izinin Allah. Ɗaliban Musulmi masu basira kuma su sani cewa koyon wannan ilmi farilla ce ta kifaya, wadda in kowa ya bar ta al'umma duka ta yi laifi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya datar da masu bincike ga abin da zai amfani bayinSa, Ya tsare Musulmi daga cin haram da ciyar da shi. Allah Shi ne Mafi sani.